“Dancing”: Kalmar Da Ta Tona Asirin Ajin Ingilishi A Yamai

Duk wanda ya tashi a Yamai ya san kalmar “dancing” tun kafin ya taka ajin Ingilishi, kuma a karkace ya san ta. Ka tsayar da ɗan taksi ko mai gadi ko ɗan lise a kewayen Petit Marché, ka ce ya faɗa maka ma'anarta. Zai ce maka gidan rawa ne, mashaya mai kiɗa inda ake raba dare ana cashewa, irin wadda ake rubuta “bar dancing” a bakin ƙofarta. Bai yi ƙarya ba, don haka kalmar take a Faransanci. Sai dai in ya kai wannan amsa Landan ko Accra ko Kano, dariya za a yi masa. A Ingilishi “dancing” ba ta da ƙofa, ba ta da rufi. Yin rawar ne kansa, ko na yara a dandali, ko na tsohuwa ranar sunan jikanta.

Wani zai ce, to mene ne na ɗaga jijiyar wuya a kan kalma guda? Ai mai dafa shinkafa ƙwaya ɗaya take latsawa ta san ko tukunya ta nuna. Wannan ƙwaya da muka latsa ta nuna mana tukunyarmu da saura. Muna koya wa ƴaƴanmu Ingilishi ta bakin Faransanci, mun bar harshen da suka sha a nono a bakin ƙofar aji kamar takalmi, alhali a wurare da dama harshen gidan ne ya fi kusa da Ingilishi. Malamai suna da kasonsu a wannan laifi, iyaye ma suna da nasu, kuma kowa zai ji nasa.

Kalmar da ta je ci-rani ta dawo da wutsiya

Asalin kalmar ma na Faransa ne. A 1066 Normandawa suka tsallaka daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu shekaru aru-aru. Ta wannan ƙofa “danser” ta shiga bakin Ingilishi, wajen shekara ta 1300 ta zauna da gindinta a matsayin “dance”, ta ture tsofaffin kalmomin da mutanen ƙasar suke da su. Bayan shekara ɗari shida, da aka gama Yaƙin Duniya na Farko, wajen 1920, gidajen rawa irin na zamani suka cika Faris, da kiɗan Amurka da yayin duk abin da ya fito daga bakin Ingilishi. Faransawa suka ɗauki sunan da Ingilishi ke kiran irin wannan wuri, mai kalma biyu, suka yar da ta biyun wadda ita ce ke nufin ɗaki ko zaure, suka riƙe “dancing” kaɗai. Kamar a ce baƙo ya ji muna cewa “gidan abinci”, ya yar da “gida”, ya koma garinsu yana cewa zai shiga cikin abinci ya zauna. Daga Faris kalmar ta biyo jirgi ta sauka Dakar da Abidjan da Yamai, ta hau allunan mashaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Ka zaga titunan da ke kewaye da Petit Marché ka karanta alluna. “Pressing” a nan shagon wanki da guga ne. A Ingilishi dannawa ne ko guga, kuma in aka ce magana “pressing” ce, ana nufin ta gaggawa ce. “Parking” a nan fili ne. A Ingilishi ajiye motar ne, filin kuwa “car park” ake ce masa. “Smoking” a Faransanci kwat ce ta zuwa biki; a Ingilishi shan taba ne. “Footing” a nan gudun motsa jiki ne da sassafe. A Ingilishi wurin kafa ƙafa ne. Yaron da ya shiga kasuwar Kumasi ya ce a ba shi “baskets” yana nufin takalmin wasa, kwanduna za a jibge masa. Duk waɗannan kalmomi sun sa rigar Ingilishi, amma takardar haihuwarsu ta Faransa ce. Yaro ɗan sizyem yana shiga aji da buhunsu a ka, yana zaton ya riga ya iya rabin darasin. Malamin da bai zazzage buhun nan a gaban aji ya tsince shi ba, duk abin da ya ɗora a kai zai karkace.

Abin da mai tumatir ta sani

Abin takaicin shi ne yaran nan sun riga sun san cewa kalma tana sauya daraja gwargwadon inda aka furta ta, kuma a kasuwa suka koya. Petit Marché, wadda Zabarmawa ke kira Habou Ganda, ta daɗe tana ciyar da tsakiyar Yamai da kayan miya da ƴaƴan itace da kifi da nama, ga ta kusa da gidan tarihi na Boubou Hama. Gobarar 2012 ta cinye ta, ƴan kasuwa suka watsu, amma sunan bai ƙone ba; har gobe in ka ce wa ɗan taksi Petit Marché ya san inda zai sauke ka. A wajen masu kayan miyan nan, in mai tumatir ta ce “ashirin”, ko “waranka” da Zabarmanci, yaro ɗan shekara bakwai ya san faran 100 zai miƙa, domin da dala ake ƙirga, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. In ta ce “ɗari”, 500 ke nan. In ta ce “jaka”, 1,000. Wannan yaron da safe ya zauna a lakwal an ce masa ashirin ashirin ce, ya yarda, da yamma ya je kasuwa ashirin ta zama 100, bai ruɗe ba. Ita kanta “dala” sunan tsohon kuɗin azurfa ne na Maria Theresa, “thaler”, kuma daga wannan suna “dollar” ta Amurka ta fito. Kalma ɗaya ce, a New York tana sayen abu, a Yamai ko ƙwayar alewa da ƙyar.

To yaron da ya riƙe wannan lissafi a ka ba tare da allo ba, shi ne za a ce ba zai gane cewa “dancing” ta allon mashaya daban, ta littafin Ingilishi daban ba? Zai gane cikin minti biyu in an faɗa masa. Matsalar ita ce ba a faɗa masa.

Zuwa ga mushe

Mu shiga aji. Darasin da ke ba ɗan sizyem da ɗan sankyem wahala a Ingilishi shi ne bambancin “she dances” da “she is dancing”. Mushe ya rubuta su a allo, yara suka yi zuru, sai ya nemi agajin Faransanci: na farko “elle danse”, na biyu kuma... “elle danse”. Faransanci bai raba su ba. Dole ya jawo “en train de” ya liƙa, abin da Bafaranshe ba ya faɗa sai in yana son jaddadawa. Yara su kwafa a kaye, su haddace, ranar jarrabawa su yi canki-canka.

Alhali amsar tana bakin yaran tun daga gida. “Takan yi rawa.” “Tana rawa.” Na farko lokaci sabau, na biyu lokaci mai ci. Yarinyar da aka aika ta sayo albasa ta san bambancin “Inna takan yi tuwo” da “Inna tana tuwo”: na farko halin Inna ne, na biyu in ka leƙa madafa yanzu za ka tarar da ita da muciya a hannu. Wannan shi ne dukan darasin, kuma Hausa ta gama shi da jimla biyu.

Akwai abin da ya fi wannan. Wutsiyar nan ta “-ing” aiki uku take yi a Ingilishi, Hausa kuma tana bin ta sawu da sawu. “They are dancing”: suna rawa. “Dancing is tiring”: rawa tana gajiyarwa. “Dancing shoes”: takalmin rawa. Dubi yadda kalmar “rawa” ta tsaya yadda take a wurare ukun, kamar yadda “dancing” ta tsaya yadda take. Haka “yana karatu”, “karatu yana da daɗi”, “ɗakin karatu”. Haka “yana tafiya” da “tafiya mabuɗin ilimi”. Hausa tana gina lokaci mai ci da sunan aiki, kusan yadda Ingilishi yake yi. Faransanci kuwa sai ya canza riga sau uku: “ils dansent”, “danser” ko “la danse”, “chaussures de danse”. Wato mun ɗauki yaron da ke da gajeriyar hanya a ƙofar gidansu, mun ce sai ya ratsa ta Faris kafin ya isa Landan, in ya gaji a hanya mu ce ba shi da kai.

Malaman zaure ba su taɓa yin wannan kuskure ba. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya ja Larabci, malam ya fassara masa da Hausa kai tsaye, gaɓa gaɓa, in kalma tana da fuska biyu ya tsaya ya nuna masa duka biyun. Da wannan hanya aka yi malaman da suka rubuta littattafai da Larabci a Sakkwato da Katsina da Agadas. Ba wanda ya ce musu sai sun bi ta wani harshe na uku.

Rawa ta fi “dance” faɗi, “dance” ma tana da nata lungunan

Kada wani ya ɗauka ina cewa a goge Faransanci daga jerin kalmomi a rubuta Hausa a gurbinsa, shi ke nan an gama. Jerin nan na “dance = danser = rawa” shi kansa ciwo ne, ko da wane harshe aka rubuta shi. Kalma ba sulalla ba ce da za a canza ta ɗaya bisa ɗaya.

Dubi inda “rawa” take shiga a Hausa. Mai zazzaɓi yana rawar ɗari. Mai son burge maigida yana rawar jiki. Yaro marar natsuwa yana da rawar kai. Sojoji suna rawar daji. Haƙori yana rawa, kujera tana rawa, muryar mai jin tsoro tana rawa, auren da ya kusa mutuwa yana rawa, imanin mutum ma yakan yi rawa. Wanda ya yi abin a yaba ya taka rawar gani, kuma kullum a rediyo muna jin wane ya taka muhimmiyar rawa wajen sulhu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba “dance” ba ne a Ingilishi. Mai zazzaɓi “shiver” yake yi, murya “tremble”, kujera “wobble”, haƙori “loose” ne, mai sulhu kuma “played a role”. Yaron da aka ba shi “rawa = dance” ya rufe kaye, in ya rubuta “my tooth is dancing” laifin wa ne? Ya bi abin da aka ba shi ne.

Ita ma “dance” tana zuwa wuraren da rawa ba ta zuwa. “A dance” na iya zama taron rawa, irin wanda muke ce wa suware, wato biki ne, ba gini ba. Bature yakan ce harshen wuta yana “dancing”, ko hasken rana a kan kogi, ko idon yaron da ke murna. In ya ce wani yana “dancing around the question”, kewaye-kewaye yake yi ya ƙi ba da amsa. In ya ce wane “dances to their tune”, ya zama ɗan amshin shata, sai abin da aka kaɗa masa yake takawa. A nan kam Hausa da Ingilishi sun yi musafaha, tun da mu ma mun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. “Song and dance” hayaniya ce a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A Jamaika kuwa abin ya juya: “dancehall”, wanda asalinsa zauren rawa ne, tun ƙarshen shekarun 1970 ya zama sunan wani salon kiɗa. Faransawa sun mai da aiki wuri, Jamaikawa sun mai da wuri kiɗa. Mu ma ba a bar mu a baya ba: “gala” a Ingilishi ƙasaitaccen biki ne, a Kano gidan gala wurin rawa ne da ake biya a shiga kallo, a cunkoson motocin Legas kuwa abin ci ne da ake miƙo maka ta taga.

Sannan ga inda kalmar ta shiga ilimi. Ɗan lise da ya buɗe littafin kimiyyar halittu na Ingilishi zai gamu da “waggle dance”, rawar da ƙudan zuma ke yi a cikin amya don ta nuna wa ƴan'uwanta alkiblar furanni da nisansu, tana auna alkiblar da inda rana take. Karl von Frisch, ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya warware wannan sirri, kuma yana cikin mutum uku da suka raba kyautar Nobel ta 1973. Mai karatun aikin jinya zai gamu da “Saint Vitus' dance”, tsohon sunan wani ciwo da likitoci ke kira “Sydenham's chorea”: yaro ya yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta ba a yi masa magani ba, bayan makonni ko watanni hannuwansa da fuskarsa su riƙa fizga ba da sonsa ba. Ya fi kama yara ƴan shekara 5 zuwa 15, musamman mata, kuma yana tafiya da ciwon da kan taɓa zuciya. A gidajenmu da yawa iska za a ce. Ɗalibar da aka koya mata cewa “dance” na nufin cashewa kawai, ko kuma aka koya mata ta kau da kai in ta ga kalmar, ta rasa mabuɗin wannan shafi.

Zuwa ga iyaye

Yanzu na juyo kanku, iyaye. A ce uba ya buɗe kayen ɗiyarsa da dare, ya ga an rubuta “The girls are dancing”. Ingilishi bai iya ba, amma wannan kalma ya san ta, ya gan ta a ƙofar wuraren da ba ya so ko inuwar ɗiyarsa ta gifta. Ransa ya ɓaci, ya ce ga abin da ake koya musu a lakwal ke nan. Wani ya yaga shafin, wani ya tafi wajen darakta da faɗa, wani kuma, wanda shi ne mafi muni, ya ƙara wannan a cikin dalilansa na cire yarinya daga makaranta. Jimlar kuwa cewa ta yi ƴan mata suna rawa, abin da uwar yarinyar da kakarta suka yi a dandali da farin wata suna gaɗa, ba wanda ya ce sun lalace.

Tsoronku yana da tushe, ban raina shi ba. Gidajen da aka rubuta wa “dancing” suna nan, kuma ba wurin yara ba ne. Wayar da ke hannun ɗiyarka tana cike da gasar rawa ta TikTok, wadda wani sashenta ba ya kalluwa a gaban surukai. A Kano an shafe fiye da shekara ashirin ana ja-in-ja a kan rawa da waƙa a finafinan Hausa, tun kafa hukumar tace finafinai a 2001. Malamai sun yi maganganunsu a kan wace rawa ta halatta, wace ce ba ta halatta ba, a gaban wa, da wa. Wannan fagensu ne. Amma sanin sunan abu daban, aikata shi daban. Ɗanka ya san kalmar “ɓarawo” da “giya” da “caca” tun yana ƙarami, kuma saninsu ne ya sa in ka ce ya guje su ya san abin da kake nufi. Littattafan fiƙihu da muke kai yara su karanta suna kiran abubuwan da ke warware alwala da sunansu, ba kunya.

Uban da bai raba “dancing” biyun nan ba, yakan yi duka inda babu laifi, ya yi barci inda laifin yake. In ka ji ɗanka a waya yana cewa “on va au dancing”, wannan Faransanci ne, wuri ne, tashi ka tambaye shi ina ne, da wa, da kuɗin wa. In ka ji shi yana maimaita “I am dancing, you are dancing”, darasi yake bita, sa masa albarka. Kuma mu daina yi kamar rawa baƙuwa ce da Bature ya kawo a jaka. Takai da asauwara, rawar maharba da ta mahauta da ta ƴan tauri, gerewol na Wodaabe, takamba, bitti na Zabarmawa, duk sun riga allon mashaya zuwa ƙasar nan. Waɗanda suka yi samartaka zamanin Seyni Kountché sun tuna yadda samariya ke fita da ƴan rawarta a yi gasa jiha da jiha. Yaron da ya iya bayyana wa baƙo gerewol da Ingilishi mai kyau, gadon gidansu ya ɗaga.

Ga masu ja

Na san abin da za a ce. Na farko: Yamai ba garin Hausawa kaɗai ba ne, ajin CEG cike yake da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Gurmawa, Faransanci ne ya haɗa su. Gaskiya ne, kuma sunan Habou Ganda ma ya isa shaida. Amma hujjata ta hau kan kowane harshen gida. Zabarmanci ma yana da hanyarsa ta nuna aikin da ake cikin yi. Malamin da ya rubuta “she is dancing” ya juyo ya ce, wa zai faɗa mana da Zabarmanci, wa zai faɗa da Hausa, wa zai faɗa da Fulatanci, bai raba aji ba, ya tashe shi daga barci ne. Yaran Yamai da yawa suna jin Hausa da Zabarmanci duka biyu, don kasuwa ba ta bar su da ɗaya ba.

Na biyu: ƙa'idar koyarwa ta ce a ajin Ingilishi a yi Ingilishi zalla. Madalla da ƙa'ida. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a ajin da ya cika maƙil, da ƴan sa'o'i a mako, da littafi ɗaya a gaban yara uku ko huɗu, wane malami ne bai taɓa karyowa ya yi bayani da wani harshe ba? Kowa yana yi. Gardamar ita ce da wace sanda za a dogara in ƙafa ta gaza, kuma mun zaɓi sandar da shi kansa yaron bai gama iya riƙewa ba. Ɗan sizyem da yawa yana fama da Faransancin ne har yanzu. Ka yi masa bayanin duhu da duhu.

Na uku: BEPC da bak ba da Hausa ake rubuta su ba. Takardar Ingilishi ma ai ba da Faransanci ake amsa yawancinta ba. Mai gyara ba ya tambayar ta wace hanya yaro ya gane. Abin da yake dubawa ya gane ko bai gane ba.

Abin da ke ƙarƙashin duk waɗannan hujjoji tsohon tabo ne. Iyaye da kakanni da yawa sun tuna “symbole”, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya in an kama shi yana magana da harshen uwarsa a farfajiyar lakwal. An daina rataya shi, amma kunyar da ya dasa tana nan a zukatan malamai, har suna jin in suka furta Hausa a aji sun zubar da girmansu. Doka kuwa ta daɗe da wuce nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin da aka kafa a wannan wata ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki ne. Ana iya gardama a kan wannan mataki, ana kuwa yi, musamman masu sauran harsuna. Amma ko me mutum ya ɗauka, Ingilishi ya tashi daga darasin da ake yi don cike maki, ya zama harshen da za a nemi ɗanka da shi a ofis. Muna da iyaka ta kusan kilomita 1,500 da Najeriya, ƴaƴanmu suna karatu a Sakkwato da Zariya da Kano da Ghana, a Maraɗi ma akwai jami'ar da ke koyarwa da Ingilishi. Mai zuwa waɗannan wurare da Ingilishin allon mashaya zai sha kunya tun ranar farko.

Abin yi

Ba sai an jira minista ba. Malamin Ingilishi ya ware darasi ɗaya a farkon shekara, ya aiki yara su kwafo duk kalmar da ta yi kama da Ingilishi a allunan unguwarsu, daga Petit Marché zuwa Wadata zuwa Katako. A zube su a allo, a raba: wannan Ingilishi ce ta gaskiya, wannan Bafaranshiya ce da rigar aro, ga abin da Bature yake cewa a maimakonta. Kada a sake ba yaro kalma tsirara. A ba shi ita cikin jimla biyu ko uku masu fuska daban-daban. In an zo “-ing”, a fara da “yana karatu” da “yakan yi karatu” kafin a taɓa “en train de”. Kayan aiki suna nan: ƙamusun Bargery na Hausa zuwa Ingilishi tun 1934 yake, na Roxana Ma Newman na Ingilishi zuwa Hausa ya fito a 1990, kuma duk makarantar da ta iya sayen kwamfuta ta iya sayen ƙamus. Masu tsara littattafai a INDRAP da masu horar da malamai a Jami'ar Abdou Moumouni su ma su duba: shafi guda na irin waɗannan kalmomi masu rigar aro a ƙarshen kowane littafi zai rage asara mai yawa.

Ku kuma iyaye, kafin ka yaga shafi, ka ce wa yaron ya fassara maka jimlar duka da harshen gida. In ya iya, ka ƙaru, shi ma ya ƙaru. In ya kasa, ka gano abin da ya kamata ka kai wa malaminsa ƙara a kai, wato ɗanka yana kwafar abin da bai fahimta ba. Wannan ƙarar ita ce mai amfani, kuma ita ce ba mu cika kaiwa ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba malamanmu haƙuri da basira.